MUƘALAR MAKO: Kyub ɗin Rubik, Daga Wata Guda Zuwa Sakan Uku

A wannan makon za mu leƙa tarihin wani ɗan ƙaramin abu da da yawanmu mun taɓa riƙewa, mun jujjuya, mun gaji mun ajiye. Muna nufin ɗan akwatin nan mai fuska shida da launi shida, Rubik's Cube, wanda za mu riƙa kira kyub a taƙaice. Mutumin da ya ƙirƙiro shi sai da ya shafe kusan wata guda kafin ya iya mayar da shi daidai. Yau ga yaran da ba su gama firamare ba suna kammala shi cikin sakan uku da 'yan kai. Tsakanin wata gudan nan da sakan ukun nan akwai shekara hamsin, kuma a cikinsu sai da wasan ya kwanta na kusan shekara ashirin, har aka ɗauka ya mutu. Me ya kwantar da shi, me ya tashe shi, kuma me ya sa hannun yaron yau ya fi na gwanin 1982 sauri har ninki bakwai? Amsar ta fi alaƙa da alƙalami da takarda fiye da yadda mutum zai zata.

MALAMIN BUDAPEST

An haifi Ernő Rubik a Budapest, babban birnin Hangari, ranar 13 ga Yuli 1944. Mahaifinsa injiniyan jiragen sama ne, mahaifiyarsa kuma marubuciyar waƙa. Shi ya karanta zanen gine-gine, ya zama malami a kwalejin fasahar zane da ƙere-ƙere ta birnin. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin gurguzu.

An fi yaɗa cewa ya ƙera kyub ne don koya wa ɗalibansa siffofi. Abin da ya fi damunsa shi ne wata matsala ta ƙira: yaya za a haɗa ƙananan gutsattsari su zama dunƙule guda, kowane ɓangare ya iya juyawa shi kaɗai, amma dunƙulen bai tarwatse ba? A 1974 ya samu amsa, ya sassaƙa na farko da katako. Da ya sa wa fuskokin launi ya jujjuya su, sai ya ga ya kasa komawa inda ya fara. A nan ya gane abin da ke hannunsa wasan wasa ƙwaƙwalwa ne, kuma babu wanda zai tambaya, domin babu wanda ya taɓa warware shi a duniya.

Ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira a Hangari a 1975. A ƙarshen 1977 aka fara sayar da shi a shagunan kayan wasa na Budapest, da wani suna na harshen ƙasar mai ma'anar kyub ɗin sihiri. Ba shi kaɗai ya yi tunanin irin wannan abu ba. Wani Ba'amurke, Larry Nichols, ya riga ya yi rajistar wani ƙarami mai gida biyu-biyu a 1972, wanda maganaɗisu ke riƙe da shi. Daga baya aka je kotu a Amurka, kuma a 1986 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ƙaramin kyub mai gida biyu-biyu ya shiga haƙƙin Nichols, ta kuma soke hukuncin da aka yanke a kan mai gida uku-uku.

ABIN DA KE CIKIN CIKINSA

Idan muka kalle shi daga waje sai mu ɗauka ƙananan kyub 27 ne aka jera. Guda 26 ne, tsakiyar kuma wani ginshiƙi ne mai hannu shida. A kan kowane hannu an ɗaure gutsure ɗaya da sukuru, su ne 'yan tsakiya guda 6, kowanne da launi ɗaya. Suna juyawa a inda suke, amma ba sa barin gurbinsu. Saboda haka su ne ke faɗa mana launin kowace fuska. A tsarin da aka saba, fari yana bayan rawaya, ja yana bayan ruwan lemo, shuɗi yana bayan kore.

Sai 'yan gefe guda 12, masu launi biyu-biyu, da 'yan kusurwa guda 8, masu launi uku-uku. Waɗannan ba a ɗaure su da komai ba. Kowanne yana da 'yar ƙafa ta ciki da ke saƙale a ƙarƙashin maƙwabtansa, shi ya sa suke zamewa a kewaye da ginshiƙin ba tare da sun faɗo ba. Dabarar Rubik kenan gaba ɗaya.

A nan ne mai koyo ke fara tuntuɓe. Idonsa yana ganin gidajen launi 54, yana ta ƙoƙarin tara launi ɗaya a fuska ɗaya. Gwani kuwa gutsattsari 20 yake gani, kowanne da gurbinsa guda ɗaya tak. Ɗan gefe mai fari da ja ba shi da wurin zama sai tsakanin ɗan tsakiya fari da ɗan tsakiya ja. Wanda ya tara farare tara a fuska ɗaya amma gefunansu ba su dace da 'yan tsakiyar kewaye ba, aikin baban giwa ya yi, sai ya rusa ya sake.

Yawan yanayin da kyub zai iya shiga shi ne 43,252,003,274,489,856,000. Ga inda lambar ta fito. 'Yan kusurwa takwas za su iya jeruwa ta hanya 40,320. Kowanne yana iya karkata ta fuska uku, amma da zarar bakwai sun zauna, na takwas ba shi da zaɓi, wannan ya ba mu 2,187. Jerin 'yan gefe ya kai 239,500,800, kifewarsu kuma 2,048. Idan aka ninninka huɗun, lambar can ta sama za ta fito. Da mutum zai duba yanayi ɗaya a kowane sakan, sai ya haura shekara tiriliyan ɗaya bai gama ba. Wannan ya nuna mana cewa juyi da ka ba zai taɓa kai mutum gida ba. Akwai kuma wani abin lura: idan aka ɓalle gutsattsarin aka mayar da su sakaka, sau ɗaya cikin goma sha biyu ne kawai za a samu kyub mai warwaruwa. Ɗan kusurwa ɗaya da aka murɗa da hannu ya isa ya sa zakaran duniya ya kasa.

ZAZZAƁIN 1980

A Fabrairun 1979 wani ɗan kasuwa ɗan asalin Hangari, Tibor Laczi, ya kai kyub baje kolin kayan wasa na Nuremberg a Jamus. A can Tom Kremer, mai harkar kayan wasa a Landan, ya gan shi. Su suka kai ga yarjejeniya da kamfanin Ideal Toy na Amurka, wanda ya fitar da shi duniya a 1980 da sunan Rubik's Cube. An ƙiyasta cewa tsakanin 1980 da 1983 an sayar da kimanin miliyan 200.

Mutane sun saya, amma mafi yawansu sun kasa warwarewa, sai kasuwar littattafai ta buɗe. A 1981 wani ɗan makaranta a Ingila, Patrick Bossert, ya fitar da littafin koyarwa mai suna You Can Do the Cube, aka sayar da kwafi kusan miliyan ɗaya da rabi. A Maris na shekarar, mujallar kimiyya ta Scientific American ta sa kyub a bangonta.

Amma rubutun da ya fi daɗewa yana aiki na wani malamin lissafi ne a Landan, David Singmaster, wanda ya fara fitar da bayanansa tun 1979. Matsalar da ya warware mai sauƙin faɗa ce: yaya za a rubuta motsin hannu a takarda? Ba a iya dogara da launi, domin kyub na farko-farko ba tsarin launi ɗaya gare su ba. Sai ya sa wa kowace fuska harafi bisa inda take ga mai riƙe da ita: R dama, L hagu, U sama, D ƙasa, F gaba, B baya. Harafi shi kaɗai yana nufin a juya fuskar kwata ɗaya yadda hannun agogo ke tafiya. Idan da ɗan waƙafi a samansa, a juya akasin haka. Idan da 2, a juya sau biyu. Da wannan, ɗan Japan zai iya karanta dabarar ɗan Holan ba tare da sun ji yaren juna ba. Mu gwada: duk wanda ya yi R U R' U' sau shida a jere, kyub zai koma yadda ya same shi.

Wani abin sha'awa ga masu son harshe: a Ingilishi sai da aka yi zaɓen kalma, domin wata kalmar da ke nufin ƙasa harafinta na farko ɗaya ne da na baya. Hausa ba ta da wannan cikas. Dama, hagu, sama, ƙasa, gaba, baya, kowacce da harafinta: D, H, S, Ƙ, G, B. Sai dai duk mai son shiga gasa dole ya riƙe na Singmaster, domin da su ake rubuta komai.

Ranar 5 ga Yuni 1982 aka yi gasar duniya ta farko a Budapest, ƙasashe 19 suka halarta. Kowa ya yi gwaji uku aka ɗauki mafi sauri. Minh Thai, ɗan shekara 16, haifaffen Biyetnam mai zaune a Los Angeles, ya lashe da sakan 22.95. Ana cikin wannan murna kasuwar ta fara faɗuwa. Kafin 1983 ta ƙare zazzaɓin ya sauka a Turai da Amurka. Kowane gida ya riga ya mallaki nasa, jabu sun cika kasuwa, waɗanda suka kasa sun haƙura, waɗanda suka iya kuma ba su da wani fili da za su auna kansu. Ba a sake gasar duniya ba sai bayan shekara 21.

SHAFIN DA YA TASHE SHI

Cikin masu gasar 1982 akwai Jessica Fridrich, wadda ta wakilci Chekoslobakiya. Daga baya ta koma Amurka ta zama farfesa a Jami'ar Binghamton da ke jihar New York. A 1997 ta zauna ta rubuta hanyarta dalla-dalla ta sa a intanet, mataki-mataki, da jerin juyin kowane yanayi. Ba ita kaɗai ta ƙirƙiro hanyar ba, wasu sassanta sun fito daga Singmaster da wasu gwanayen Holan tun farkon shekarun 1980. Amma ita ta tattara, ta tsara, ta ajiye inda kowa zai samu kyauta, shi ya sa har yau da sunanta ake kiran hanyar.

Matasan da suka tsinci shafin suka fara neman juna a intanet, suna musayar dabaru da lokutansu. A Agustan 2003 suka haɗu a Toronto ta Kanada, aka yi gasar duniya ta biyu. Dan Knights na Amurka ya lashe da matsakaicin sakan 20.00, Fridrich ta zo ta biyu. Mu lura da kyau: bayan shekara 21, lokacin da aka lashe gasar da shi ya ragu da kusan sakan uku ne kacal. A 2004 Ron van Bruchem ɗan Holan da Tyson Mao ɗan Amurka suka kafa ƙungiyar kyub ta duniya, WCA, wadda ta rubuta ƙa'idoji ta kuma fara adana sakamakon kowace gasa a wuri guda. Daga nan lokaci ya fara zubewa.

YADDA GWANAYE KE WARWAREWA

Mu ɗauki kyub kamar bene mai hawa uku. Mai koyo yana gina hawan ƙasa, sai na tsakiya, sai na sama, da 'yan jerin juyi ƙalilan da ya haddace, kuma yakan yi juyi ɗari ko fiye. Hanyar Fridrich, wadda ake kira CFOP, ta dunƙule aikin zuwa mataki huɗu.

Na farko, a zaunar da 'yan gefe huɗu a fuskar ƙasa su yi siffar alamar tarawa, kowanne ya dace da ɗan tsakiyar da ke gefensa. Na biyu, a nemo ɗan kusurwa da ɗan gefen da ke zama a samansa, a haɗa su biyu a cusa su gurbinsu lokaci guda. Idan aka yi haka sau huɗu, hawa biyu sun kammala. Na uku, a sa fuskar sama ta zama launi ɗaya da jerin juyi guda, akwai yanayi 57. Na huɗu, a mayar da gutsattsarin saman gurabensu da wani jerin guda, akwai yanayi 21. Wato hawan ƙarshe kaɗai yana buƙatar hadda 78. Duka aikin yakan ci juyi 55 zuwa 60.

Akwai wasu hanyoyin. Lars Petrus ɗan Suwidin yana da tasa tun 1981. Gilles Roux ɗan Faransa ya fitar da tasa a 2003, mai ƙarancin juyi, wadda ke gina tubali biyu a dama da hagu. Zbigniew Zborowski ɗan Folan ya kawo tasa a 2006.

Hadda kaɗai ba ta kawo sauri. Gwani ba ya juya fuska da dukan hannu, da kan yatsa yake turawa, har ya kai juyi goma ko fiye a sakan ɗaya. Babban sirrin kuma shi ne hangen gaba: yayin da yatsu ke cusa wannan biyun, ido ya riga ya tafi neman na gaba, don kada a tsaya ko na ƙiftawar ido. Wanda ke juyi a hankali ba tsayawa yakan doke mai gaggawa da ke tsayawa yana dube-dube. Sannu ba ta hana zuwa, a nan ma har riga zuwa take yi.

A ZAUREN GASA

Kwamfuta ce ke fitar da yadda za a hargitsa kyub, kuma duk waɗanda ke rukuni ɗaya hargitsi iri ɗaya ake ba su. Ana kawo shi a rufe. Idan alƙali ya buɗe, mai gasa yana da sakan 15 ya duba ba tare da ya juya ko fuska ɗaya ba. A cikinsu ne gwanaye ke tsara matakin farko gaba ɗaya a ka, wasu har da wani ɓangare na na biyu. Sai ya ajiye, ya ɗora hannu biyu a kan agogon gasa. Ɗaga hannu ke tayar da agogo, mayar da hannu ke tsayar da shi. Idan ya tsayar alhali saura juyi ɗaya, a ƙara masa sakan biyu. Idan ya fi ɗaya, gwajin ya faɗi. Ana yin gwaji biyar, a jefar da mafi sauri da mafi jinkiri, a ɗauki matsakaicin ukun tsakiya. An yi haka ne don kada sa'a ta yi wa ƙwarewa fashi, shi ya sa masu wasan suka fi girmama matsakaici a kan bugu ɗaya.

Ga yadda tarihin bugu ɗaya ya sauko. A 2008 Erik Akkersdijk ɗan Holan ya yi 7.08. Feliks Zemdegs ɗan Ostareliya ya fara kai matsakaici ƙasa da sakan goma a 2010, ya kuma lashe gasar duniya a 2013 da 2015. A Nuwamban 2015 Lucas Etter, ɗan shekara 14, ya fara sauka ƙasa da biyar da 4.90. Yusheng Du na ƙasar Sin ya yi 3.47 a 2018. A Yunin 2023 Max Park na Amurka ya yi 3.13. Shi Max yana da lalurar galahanga, iyayensa sun fara sa shi wasan ne don ƙarfafa yatsunsa da saba masa da mutane, ya zo ya zama zakaran duniya a 2017 da 2023. A Afrilun 2025 Xuanyi Geng, ɗan shekara bakwai daga Sin, ya yi 3.05.

Kayan aikin ma sun sauya. Kyub na 1982 mai tauri ne, yana cijewa. Daga wajen 2010 kamfanonin Sin irin su DaYan, MoYu da GAN suka sake fasalin cikinsa, ya zama yana juyawa ko fuskokin ba su gama daidaita ba. Daga 2016 aka fara sa ƙananan maganaɗisu a cikin gutsattsarin don kowane juyi ya tsaya daidai. Sunan Rubik's kuwa kamfanin Spin Master na Kanada ya saye shi a kan dala miliyan 50, cinikin ya kammala a farkon 2021.

Ba sauri kaɗai ake gasa a kai ba. Akwai hannu ɗaya, akwai manyan kyub har mai gida bakwai-bakwai. Akwai na rufe ido, inda mai gasa ke sa wa kowane gurbi harafi, ya haɗa haruffan biyu-biyu su zama kalmomi, kalmomin su zama ɗan labari, sannan ya rufe ido ya bi labarin. A 2022 Graham Siggins ya warware 62 cikin 65 da ido rufe a ƙasa da awa ɗaya. Akwai kuma gasar ƙarancin juyi, wadda ake ba mutum awa guda da takarda da biro ya rubuta gajeriyar hanyar da ya iya samowa. A 2019 Sebastiano Tronto ɗan Italiya ya rubuta mai juyi 16.

LAMBA ASHIRIN

Masu lissafi suna da tasu tambayar: kyub mafi munin hargitsi, juyi nawa yake buƙata idan aka bi hanya mafi gajarta? A 1981 Morwen Thistlethwaite ya nuna 52 sun isa. A 1995 Michael Reid ya tabbatar akwai wani yanayi, wanda kowane ɗan gefe ke gurbinsa amma a kife, da ba ya warwaruwa a ƙasa da 20. A Yulin 2010 Tomas Rokicki, Herbert Kociemba, Morley Davidson da John Dethridge, da taimakon kwamfutocin Google, suka rufe zancen: babu yanayin da ya wuce juyi 20. Wato zakaran da ke yin juyi hamsin da wani abu doguwar hanya yake bi, amma ita ce wadda ido da yatsa za su iya bi a guje. Na'ura kuwa ta yi nisa: a 2025 wani mutum-mutumi da ɗaliban Jami'ar Purdue suka ƙera ya gama cikin sakan 0.103.

Idan muka jera abubuwan nan, za mu ga miliyoyin da aka sayar ba su hana wasan kwanciya a 1983 ba. Abin da ya tsallake shekarun shirun shi ne haruffa shida na Singmaster, da shafin Fridrich, sannan ƙa'idojin WCA da kundin sakamakonta suka zo suka ba kowa ma'auni ɗaya. Rubik ya shafe wata guda ne saboda babu wanda ya riga shi ya bar masa rubutu. Yaron yau yana farawa daga inda dubban mutane suka tsaya, domin duk wanda ya gano gajeriyar hanya ya rubuta ta yadda wani zai karanta ya gwada ya kuma gyara.

Duk mai kyub a gida ya ɗauko shi ya gwada R U R' U' sau shida, ya faɗa mana abin da ya gani. Wanda kuma yake da sunan Hausa da ya fi kyub, 'yan gefe da 'yan kusurwa dacewa, muna saurare. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.